Habsu, Wadda Ta Fitar Da Tabarmar Dubiya Tsakar Gida

Da an idar da sallar asuba gari ya fara haske, za ka ga Habsu ta fito daga gidansu da ke bayan kasuwar Bukkuyum, da mayafi ruwan toka da wata jakar buhu da ta ɗinka wa hannu da kanta. Ba ta hawa kabu-kabu a cikin gari, masu babur ma sun daɗe da daina tsaya mata. Abin da ke cikin jakar ba ɓoyayye ba ne: na'urar awon jini, guntun igiya, gwangwanin madara cike da wake da tsakuwa a cakuɗe, sai gawayi biyu ko uku. Gida uku take shiga kafin ta isa ƙaramin asibitin da take aiki, in an tashi da yamma ta shiga wasu biyu. Duk gidan da ka ga zanen gawayi a jikin katangar tsakar gida, wani gaba da wani kamar ana auna fili, to Habsu ta ratsa ta nan. Kuma ka tabbata an yi kuka a gidan, an kuma zage ta.

Watan jiya ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Abokan aikinta suka dafa shinkafa, aka ci, aka yi addu'a, aka watse. Washegari ta ɗauki jakarta ta fita kamar kullum.

A garin nan akwai masu kiranta Habsu Ba-Imani. Ina cikin waɗanda suka kira ta haka, na ma fi su, domin ni na taɓa nuna mata ƙofa. Saboda haka duk wanda zai ce na rubuta wannan ne don ban san halinta ba, ya sake shawara. Na san halinta sarai. Tana da kaifin baki, ba ta iya lallashi ba, kuma ba ta gaisuwa mai tsawo. Da sanin duk wannan nake jinjina mata.

Habsu 'yar mahautan Anka ce, aure ya kawo ta Bukkuyum. Ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita likita ce ba. Ƙaramar ma'aikaciyar lafiya ce, irin masu awon jini da rigakafi da raba wa masu ciki ƙwayar ƙarin jini. A shekarar gubar dalma, lokacin da ake kwaso yara daga ƙauyuka irin su Yargalma, an tura ta taimako. Cikin yaran da suka tsira da rai akwai waɗanda gaɓoɓinsu suka sanƙare, kuma akwai wata baƙuwar ma'aikaciya da ke koya wa iyaye yadda ake motsa musu jiki. Habsu ce tafintarta. Wata shida tana faɗin maganar wata da bakinta, har maganar ta zauna mata. Amma ta ce abin da ya fi koya mata darasi yara biyu ne masu ciwo iri ɗaya. Uwar ɗaya, don tsananin so, ba ta sauke shi daga goyo. Uwar ɗayan aiki ya yi mata yawa, tilas take ajiye shi a ƙasa, yana jan ciki yana bin 'yan'uwansa yana kuka. Na ƙasan ne ya riga miƙewa.

Mu a nan, in hawan jini ya buge babba ɓarin jikinsa ya shanye, mun san abin da muke yi. A gyara masa gado a ƙuryar ɗaki, a saki labule. Kada ya ɗaga ko ludayi, ga 'ya'ya ga jikoki. Sai 'yan dubiya su fara sintiri, kowa da ledarsa: balangu, kilishi, soyayyen kifi, lemon kwalba, madarar gwangwani. Mai dubiya kuma ba ya jin ya yi zumunci sai an ci a gabansa, ko da loma ɗaya ce, ƙin ci kuwa wulaƙanci ne. Ran kasuwa a je wurin masu magani da lasifika a sayo kwalbar da aka ce tana tayar da jijiya. Duk wannan da zuciya ɗaya muke yinsa. Babu mugu a cikinmu.

Habsu ba ta hana dubiya. Tabarmar da baƙi ke zama a kai kawai take ɗaukewa daga ɗakin majinyaci. Ranar farko ta shimfiɗa ta a bakin ƙofa, ta ja layi da gawayi a katanga daidai wurin. Bayan kwana biyu ta matsar da ita taku biyu, ta ja wani layin. Mai dubiya ya zauna a can ya jira, majinyaci ne zai fito ya same shi. Ta gano abin da mu da muka tashi a cikinsa ba mu gano ba. Dattijon ƙasar nan zai ƙi tashi don likita, zai ƙi tashi don lafiyar kansa, amma ba zai iya barin baƙo zaune yana jiransa ba. Kunya ce ke tayar da shi. Da kunyarmu take yi mana magani.

Malam Hudu, wani masunci na Gummi, shi ya ba ni nasa labarin da bakinsa. Da ciwon ya same shi, 'yarsa da ke aure a nan ta ɗauko shi jinya, ta kira Habsu. Masunta da mahauta kuwa kowa ya san abokan wasa ne. Ya ce ranar da ta ƙwace ledar balangu daga gefen gadonsa ta miƙa wa yaran gida, sai ya ce mata:

"Ke ɗiyar mahauta, ubanki na saida nama, ke kina ƙwace shi ga bakin marar lahiya?"

Ta ce, "Naman ubana na masu tahiya ne, ba na 'yan kwance ba. Tashi, mai ƙarnin kihi, abokanka na waje tun ɗazu."

"In nit tashi sai na mare ki."

"Da wane hannu? Taho, ga kumatuna nan."

Ta sa aka kawo masa yagaggen taru daga Gummi, ta ce ya ɗinke, tunda masunta ba su iya komai ba sai ƙulli. Ya ce wata huɗu yana ƙulla tarun nan yana ƙulla mata zagi a ciki. Yau Malam Hudu ba ya tuƙa jirgi, kada in yi ƙarya. Amma da sandarsa yake sauka bakin gulbi kowace safiya, shi ke gyara wa matasa tarunsu, kuma in an ambaci Habsu sai ya ce, "Muguwa ce, Allah shi ja da ranta."

Na ji irin waɗannan labarai tun kafin abin ya zo gidanmu, ban ɗauke su komai ba. Ciwon da ke gidan wani labari ne.

Shekara uku da suka wuce, Inna Dije, mahaifiyata, tana tuyar ƙuli-ƙuli da hantsi ta faɗi. Ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa, baki ya karkace. Aka yi kwana takwas a asibiti aka sallame mu da ƙwayoyin hawan jini, aka ce a riƙa motsa ta. Magana ta dawo a hankali, da nauyi. Na gyara mata gado a ƙurya. Nakan rufe shagona na gyaran rediyo tun azahar in dawo in zauna. Ni ke ba ta abinci a baki. In za ta makewayi ni ke goya ta har ƙofa, sai ƙanwata Sahura ta shiga da ita. Ƙwayoyin asibiti suka ƙare ban koma ba, domin na samo kwalbar kasuwa wadda mai ita ya rantse ta tayar da mutum goma sha. Fuskar Inna ta yi suntum, muka ce ta murmure. 'Yan dubiya suna fita suna cewa, "Allah ka ba mu ɗa irin Lirwanu." Ina jinsu ta bayan labule. Maganar tana yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Wata uku muna haka, Inna ba ta ko iya zama sai an tokare ta da matashi. Sahura ce ta je ta kira Habsu ba da sanina ba.

Na dawo na tarar da ita durƙushe tana jawo kwalabe daga ƙarƙashin gado. Bakwai ta jera. Ta ɗanɗana sauran miyar da ke kwano ta yamutsa fuska.

"Gishiri, dunƙule, kanwa. Kun haɗa mata su uku kamar masu gaba da ita. Ina ƙwayar da likita yab ba ta?"

Na ce ta ƙare, amma ga wannan, na nuna kwalba.

"Mi ke ciki?"

Na ce maganin jijiya ne.

"Ban tambaye ka abin da mai lasihika yac ce ba. Mi ke ciki? Ba ka sani ba, ni ban sani ba, mai saida shi ma bai sani ba. Abin da nis sani, jininta na bisa, huskarta kuma kumburi ce, ba ƙiba ba. Yau za ku koma ga likita."

Wannan na yarda, muka koma aka rubuta mana ƙwaya. Rigimar ta tashi ne a kwana na uku, ranar da Baffa Halilu, ƙanen mahaifina, ya zo dubiya da balangu mai zafi ya tarar da tabarma a bakin ƙofa. Habsu ta ce ya zauna nan, Inna na fitowa. Ta zaunar da Inna a bakin gado, ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatarta, ta ce ta miƙe. Ƙafar tana rawa kamar karan dawa a iska. Inna ta yi taku ɗaya, ta fashe da kuka. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar da mahaifinmu ya rasu.

"Lirwanu," in ji ta, "kana kallo?"

Baffa ya miƙe yana kaɗa riga. "Wagga mata ba ta da imani! Tsohuwa marar lahiya za a ja kamar akuya zuwa kasuwa? Kai kuma kana tsaye kamar turke. Wagga ita ta biyayyar da anka ce kana yi?"

Na sunkuci Inna na mayar da ita gado, na juyo na ce wa Habsu ta kwashe kayanta ta bar mana gida. Ba ta yi gardama ba. Ta naɗe na'urarta ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce:

"Malam Lirwanu, kai kana tara lada, ita tana rasa ƙahwa. In ka samu lokaci ka tambayi kanka, kwanciyar ga wa take yi wa amfani."

Na mayar da tabarma ɗaki. Baffa ya sa mini albarka. Inna ta ci balangu yanka biyu don kada ransa ya ɓaci.

Bazara ce lokacin, irin zafin da ke sa kaji buɗe baki. Bayan kwana tara na lura leɓen Inna ya tsattsage. In na miƙa mata moɗa sai ta kurɓa kaɗan ta kau da kai. Kunu ma haka. Na ce wa Sahura ko a canza mata ruwan ne, wataƙila na randar nan ba ya mata daɗi. Sahura ta ja ni bayan rumbu.

"Yaya, ba ruwan ba ne. Tun wata biyu take haka, yanzu ne yay yi tsanani. Ba ta son a kai ta makewayi. Tac ce mani gara ƙishirwa da ɗan da tah haifa ya goya ta zuwa ƙohwar makewayi, ɗiyarta ta kama mata zane. Tac ce in na hwaɗa maka ba ta yahe ba."

Na shiga na durƙusa gaban gadon na ce, "Inna, gaskiya ne?" Ta juya fuskarta bango.

Ni mutum ne mai yawan juya magana a rai, wani lokaci har abin ya dame ni. Na sha tambayar kaina ko mutum zai iya cutar da wani da alheri, amma a kan wasu nake yin tambayar. Ranar nan ta zo kaina. Wata uku ina goyon uwata ana sa mini albarka, ashe kowane goyo yanka ne a wurinta, har ta zaɓi ta bushe a kan gado da ta sake hawa bayana. Ban taɓa tambayarta abin da take so ba. Na san abin da ɗa nagari yake yi, na yi shi, jama'a sun gani. Ita kuma ba ta da bakin ƙi, domin wace uwa ce za ta ce wa ɗanta hidimarsa ta ishe ta? Har yau ban gama warware ko niyyata ta wanke ni ba. Malamai sun ce ana duba niyya, na kuma yarda. Amma niyyata ba ta jiƙa mata maƙoshi ba.

Na tafi asibiti na tarar da Habsu tana awon jarirai. Na shirya ban-haƙuri mai tsawo. Ban kai rabi ba ta katse ni.

"Gora biyu nike so, dogaye, masu ƙwari, da turaku. Kuma ka koma yanzu ka ba ta ruwa. Ka ce mata Habsu tac ce ta sha, don za ta buƙaci yawun zagina."

Da yamma ta zo ta auna daga bakin gadon Inna zuwa ƙofar makewayi da ƙafarta, ƙananan taku irin na majinyaci. Ashirin da uku. Ta sa na kafa gorar nan biyu a jere daidai ƙugu, daga ƙofar ɗaki zuwa tsakar gida, yadda mutum zai bi ta tsakaninsu yana dafawa. Sa'annan ta zauna a bakin gado ta yi wa Inna magana a hankali, karo ɗaya ke nan da na ji ta sassauta murya.

"Inna Dije, ba ni yi miki alkawarin komi. Amma taku ashirin da uku ne tsakaninki da abin da kike so. Ni na san hanyar. Za ki sha wuya, za ki tsane ni. Kin yarda?"

Inna ta dube ta. Ta ce, "Miƙo mani moɗa."

Daga ranar tabarmar dubiya ta koma kan hanyar nan ta taku ashirin da uku. Farko ma ba tafiya ba ce, zama ne da tashi a bakin gado, sau biyar da safe sau biyar da yamma. Sai tsayuwa a dafe da gora. Sai taku ɗaya. Hannun kuma ta ba shi gwangwanin wake da tsakuwa, a zube a faifai a tsince wake gefe, tsakuwa gefe. Sau biyu Inna tana wurgi da faifan da hannun hagu. Habsu ta tattara ta sake zubawa, ta ce, "Madalla, na hagun na da ƙarhi. Saura ɗan'uwanshi."

Yaƙin tukunya ya fi na gora tsawo. Ta hana kanwa, ta hana dunƙule, gishiri kuma abin da yatsu uku suka ɗauka ga tukunya guda. Ta koya wa Sahura cika miya da daddawa kaɗan da albasa da citta da tafarnuwa. Wake, zogale, rama, kuka, kifin Gummi dafaffe ba soyayye ba, fura da nono ba sukari. Ba ta kawo wani abu daga birni ba, duk abin da ke bayan gida ne da bakin kasuwa. Inna, wadda ta yi shekara arba'in tana soya ƙuli da gishiri, ta ce wannan miya ko fursuna aka ba sai ya kai ƙara. Habsu ta ce, "Kai ƙarar, amma da ƙahwarki za ki tahi kotun."

Masu cewa Habsu maƙiyiyar magani ce ba su san ta ba. Kullum sai ta ƙirga ƙwayar hawan jini ta ga ko an sha. Da likita ya ga Inna ta daɗe ba ta cin kirki ya rubuta mata ƙwayar ƙarin kuzari ta wata biyu, Habsu ce ta tsaya a kai aka sha har ta ƙare. Na tambaye ta bambancin wannan da kwalabena. Ta ce, "Wagga wanda yad duba ta yar rubuta, an san abin da ke ciki, an san ranar bari. Kuma ko ita giɓi take cikewa. Babu ƙwayar da ka yi ma mutum tahiya."

Kayan dubiya ba ta taɓa zubar da su ba. A gaban mai kawowa take karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta kira yara ta raba musu, ta ce ladan ya ninka. Wasu suka yi fushi suka daina zuwa. Wasu suka fara zuwa da ƙullin zogale ko ƙwan zabi. Wata tsohuwar ƙawar Inna takan zo da gangan ta zauna can ƙarshen tabarma tana kiran, "Dije, in kin mutu ne ki hwaɗa mani in tahi gida!" Inna na tafe tsakanin gora tana haki tana cewa, "Jira ni, mai baƙin baki."

A taku na goma sha ɗaya Inna ta faɗi. Gorar ta ƙare a nan, an fara tafiya da sanda, ƙafar ta harɗe. Goshinta ya kumbura. Kafin magariba magana ta zaga unguwa cewa Ba-Imani ta kusa kashe Dije mai ƙuli. Baffa ya dawo, wannan karon da mutum biyu. Na tare su a zaure. Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na ce masa tabarma tana nan inda take, wanda zai zauna ya zauna. Ya ce na zama ɗan matar asibiti. Watanni bai taka gidanmu ba.

Habsu ta zo ta duba goshin, ta duba ƙugu da gwiwa, ta auna jini. Ta ce a gabanmu duka, "Laihina ne. Na matsa da tabarmar da wuri, jikin bai kai ba." Ta goge layi biyu daga katanga da tafin hannunta, ta sa na ƙara gora. Mako guda muka koma baya. Na taɓa ganin manya masu takardu sun yi kuskure sun ɗora wa ƙaddara. Wannan ƙaramar ma'aikaciya ta ɗauki nata ta aza a ka.

A wata na biyar da fara aikin, damina ta yi nisa. Ranar wata Talata bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, babu baƙo ko ɗaya. Inna ta fito daga ɗaki da sanda a hannun hagu, buta rataye a kafaɗa da igiyar da Habsu ta ɗaura mata. Sahura ta yunƙura. Inna ba ta dube ta ba ta ce, "Zauna." Ta wuce gora, ta wuce tabarma, ta wuce layin gawayi na ƙarshe. Ina ƙirgawa a zuci. Ta kai ƙofar makewayi ta tsaya tana numfashi, ta shiga, ta ja ƙyauren langa-langa ta rufe. Muka zauna muna kallon ƙyaure kamar waɗanda ba su taɓa ganin ƙyaure ba. Da ta fito ta dawo ta zauna a kan turmi, ta ce a ba ta ruwa. Moɗa biyu ta shanye, cike.

Habsu ba ta nan ranar. Da safe da aka gaya mata, cewa ta yi, "To. Gobe a kai tabarma zaure."

Hannun daman bai dawo ba. Yana ɗan riƙe carbi, ba ya riƙe ludayi, ƙuli kuma ta bar shi ke nan. Na taɓa tambayar Habsu, da an fara tun makon farko maimakon bayan wata uku, da hannun ya dawo? Ta ce, "Wataƙila. Wataƙila kuma a'a. Ban sani ba, ba ni kuma yi maka ƙarya don ka ji sanyi." Wannan wataƙila tana nan tare da ni, ban kuma nemi a sauke mini ita ba.

Habsu, ke ce kika yarda a tsane ki don wani ya tashi. Lallashi abu ne mai arha, kowa na iya yinsa ya tafi gida ana yabonsa. Ke kika ɗauki ɗaya aikin, wanda ake biya da zagi. Shekara goma sha kina shiga gidajen da ba a yi miki maraba ba, kina faɗa da tukwanenmu da kwalabenmu da tausayinmu, bayan kin tashi daga aikin da aka ɗauke ki dominsa. Gagara-lallashi, ɗiyar mahauta mai hana nama! Na kore ki kika dawo ba ki tambayi dalili ba. Na gode. Allah ya saka miki, ya riƙe miki ƙafafunki har ƙarshe.

Ku kuma masu cewa ba ta da imani, ku ci gaba da faɗa, baki naku ne. Amma ku ƙirga mini mutum nawa kwalbar mai lasifika ta tayar, ni in zaga da ku gidajen da ke da gawayi a katanga, daga nan har Gummi. Ba duka suka tashi ba, ita ma ba ta ce duka ba. Akwai waɗanda ciwon ya fi ƙarfinsu, akwai waɗanda suka rasu. Sai dai ban san ko ɗaya da kwanciya ta warkar ba.

Habsu ta kusa sittin, gwiwarta ta fara ƙara in ta durƙusa. Ba a turo wani ya gaje ta a wannan aiki ba, domin a takarda ma aikin babu shi. Ta ce duk mai son koyo ya biyo ta da safe, mace ko namiji, ba ta ɓoye komai. Sahura ta fara binta. Gari guda ba zai dogara da mata biyu ba. Ku 'yan'uwa ma'aikatan lafiya na Anka da Gummi da ƙauyuka, ku zo ku gani tun tana iya nunawa. Sauranmu kuma, wanda ya haura arba'in ya je a auna jininsa kafin ya faɗi. Wanda aka rubuta wa ƙwaya ya sha, ta ƙare ya koma. In za ka dubiya ka tambayi abin da majinyaci zai iya ci kafin ka tsaya wurin mai nama. In kuma naka ne ke kwance, ka kai shi a duba shi, ka tambayi ma'aikatan lafiya ta yadda za a motsa shi, sa'annan ka rufe ƙofa ka tambaye shi, shi kaɗai, abin da ya fi damunsa. Ka shirya jin amsar da ba za ta yi maka daɗi ba.

Da na gama rubutun nan na ce wa Inna ko tana da saƙon da za a sa wa Habsu a ciki. Tana zaune a zaure tana tsintar wake, na miya ne wannan karon. Ta ce:

"Ka rubuta mata ban yahe ba."

Na ce, "Inna, jama'a za su karanta."

"Su karanta. Ka ƙara da cewa ran Juma'a ina nan tahe gidanta in hwaɗa mata da bakina. Kada kuma wanda yak kira mani mai babur."